Tabarmar Yaya Idi Har Yau Tana Shimfiɗe

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Idi mai hatsi, kuma har yau ban saba da shirun ƙofar gidanmu ba.

Masu hatsin Matameye sun san shi. Duk mako sai ya leƙa Kano, ya dawo ana gobe kasuwa da labarin farashin gero da wake. Kafin la'asar tabarmarsa ta cika, har da mutanen Kance da Icirnawa. Amma Yaya yana da wani hali mai ban haushi: ba ya faɗin farashi sai an gaisa, an sha shayi, an tambayi wanda ba shi da lafiya. In wani ya matsa, sai ya ce, "Malam, geron ba gudu zai yi ba. Ya jikin tsohuwa?" Ni ne mai dafa shayin, ni ne kuma mai yawan ƙorafi cewa yana ɓata wa mutane lokaci.

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: kada in naɗe tabarmar. Ban naɗe ba. Mutanen ne suka janye da kaɗan-kaɗan.

Yanzu ɗansa Sani ke riƙe da kasuwancin, kuma gaskiya ya iya. Daga cikin waya yake jin farashi, ya nemi mota, ya ga hoton buhunan da aka loda, bai motsa daga shago ba. Ban ce abin ba shi da kyau ba. Da a ce Yaya zai ga haka, na san zai yi murna an huta da wahalar hanya. Sai dai zai tambaya, a ina ake gaisawa?

Bara Sani ya ce, "Baffa, na sa ka cikin rukuninmu na waya, duk abokan Baba suna ciki." Haka ne, suna ciki. Kullum ina jin muryoyinsu suna faɗin kuɗin tiya. A nan ne ma na ji rasuwar Malam Habu, ɗaya daga cikin masu zama a tabarmar Yaya, tsakanin farashin wake da na gyaɗa.

Makon jiya, ana gobe kasuwa, na yi ƙarfin hali na tura saƙon murya: "Shayi ya dahu, tabarmar Alhaji tana jiranku." Da yawa suka amsa, "Allah ya jiƙan Alhaji." Na ji daɗin addu'ar, ita ce ma abin da ya fi buƙata yanzu.

Amma ni da nake raye, na zauna da butar shayi har aka kira magariba. Kofi ɗaya na wanke.