Kamfanin Kokawar Mai Sikeli

Shekara talatin da huɗu ya yi yana auna buhuna a wani babban sito da ke bakin kasuwa, shi ya sa har yau da ya ajiye aiki ba mai kiran sunansa, kowa Mai Sikeli yake ce masa. Mutum ne da ba ya ɗaukar wargi a kan awo. Kullum da safe sai ya goge farantin sikelin da tsumma, ya durƙusa ya ga allurar ta tsaya cak a kan sifiri, sannan ya yarda a ɗora buhun farko. Masu kawo kaya sun gwada shi da ɗan abin sakawa a aljihu, sun gwada shi da daɗin baki, suka gaji suka ƙyale shi. Matarsa, wadda ɗinki ne sana'arta, takan ce ko sukari ta zuba masa a shayi sai ya bi cokalin da ido.

Abu ɗaya ne yake kwance wa wannan mutum fuska: kokawar da ake nunawa a talabijin duk yammacin Asabar, irin wadda ƙarti suke jefa juna a kan dandamali mai igiyoyi. Da an fara, dattijon da ba a jin muryarsa duk mako sai ya koma wani daban. Ya yi ihu, ya daki hannun kujera, ya zagi alƙalin wasa, ya yi dariya har da ƙwalla. In wani ya kuskura ya ce ai shiri ne, sai ya ce masa ya hau tebur a jefo shi ƙasa, in ya tashi ya maimaita maganar.

Ita kuwa Maman Auta, haka yake kiran matar tasa, idon tela gare ta, ɗinki ba ya ɓuya mata komai kyansa. Tun shekarar da suka sayi talabijin ta lura naushin ba ya sauka, ta kuma lura wanda aka fi zalunta a farko shi ne yake ramawa a ƙarshe. Ta yi gum da bakinta. Takan jawo kekenta kusa da ƙofar falo ta riƙa ƙananan ayyuka, wai tana taya shi kallo, alhali shi take kallo. Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida, ya fara dogara sanda, sai ya zama duk abin da ya rage masa na nishaɗi shi ne wannan Asabar ɗin.

Auta ce ta jawo rigimar, da kyakkyawar niyya. Ita ce ƙaramar 'yarsu, duk da cewa yanzu 'ya'yanta biyu. Ta ga zaman ya yi wa mahaifinta yawa, sai ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta da wani wasa a ciki, wanda mutum yake zama mai kamfanin kokawa: shi zai ɗauki 'yan wasa, shi zai kama zaure, shi zai haɗa wa zai kara da wa. Ta nuna masa inda ake dannawa, ta koma gidanta.

Bakinsa har kunne. Matakin farko raɗa wa kamfani suna, bai ko yi tunani ba ya rubuta Awo Daidai. Ya so ya kama zauren da ya fi kowanne girma, Maman Auta ta leƙo ta ce wanda bai da ɗan kallo ko ɗaya ya fara da ƙaramin ɗakin taro mai kujeru tamanin, ya yi gunaguni ya bi shawararta. Sai ɗaukar 'yan kokawa, inda ya kwashe wuni biyu, domin a gefen hoton kowanne an rubuta nauyinsa, shi kuwa ya ga abin da ya iya. Ya ɗauki shida, ya sake musu sunaye. Ƙaton cikinsu mai wuyan bijimi ya zama Tan Guda. Wani ɗan siriri mai kunnuwa, wanda ya ɗauka don tausayi kawai, ya zama Rabin Kilo, kuma nan take ya shiga ransa.

Ya haɗa karawar farko, Tan Guda da Rabin Kilo, ya gyara zama zai sha kallo. Sai allon ya tsaya a kan tambaya guda: wa kake so ya yi nasara? Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Tambayar tana nan. Ya kira Auta a waya ya ce kwamfutarta ta samu matsala, tana neman ya yi maguɗi.

Maman Auta tana jin muryar 'yar tata daga inda take. "Baba, ai haka ake yi. Har na talabijin ɗin ma, tun kafin su hau an san wanda zai ci."

Maman Auta ta tsayar da kekenta. Bai yi musu ba, da ma ya yi musu da ta fi samun sauƙi. Ya ce to, ya kashe wayar, ya rufe kwamfutar a hankali ya ɗora a kan kabad. Asabar ta zo, lokacin kokawa ya yi, ya ɗauki kujerarsa ya fita baranda yana kallon masu wucewa. Falon ya yi tsit, sai ƙarar kekenta. Ta ɗinka hannun riga a baibai, abin da rabonta da yi tun tana koyo. Ta ji tsoro sosai, don ta san in wannan ya tafi ba ta da wani abin da za ta ba shi a madadinsa.

Washegari da hantsi ta sauko da kwamfutar ta ajiye a gabansa. Ya sha mur ya ce shi bai taɓa ɗora yatsa a kan sikeli ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba. Ta ce ba wanda ya ce ya ɗora. Shi ya ɗauki 'yan wasa, ya haɗa karawa, ya kula da zaure, in an zo wurin tambayar nan ya fita baranda ita ta danna, ya dawo ya yi kallo bai san komai ba. Ya ce ko wa ya danna ha'inci ne. Ta tambaye shi in tana ba jikokinsu labari, ta san ƙarshensa su ba su sani ba, cutarsu ta yi? Ya murza kan sandarsa, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Ke ma kin sani ke nan?"

"Tun talabijin ɗinmu na farko, Malam."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ihunka nake so," in ji ta. "Duk mako ran nan kaɗai nake jin sa."

Sai ya miƙe da ƙyar ya nufi baranda, yana cewa ta yi sauri, kuma ta ji tsoron Allah a kan yaron nan, Rabin Kilo.

Ba ta ji tausayin yaron ba ko kaɗan. Tan Guda ya ɗaga Rabin Kilo ya maka da ƙasa, ya zauna a kansa, alƙali ya ƙirga uku. Mai Sikeli ya cika ya yi fam, ya ce zalunci ne, ya daki hannun kujera. Ita kuwa ta sunkuyar da kai kan ɗinkinta tana gimtse dariya, don ta ji abin da take nema ya dawo. A karawa ta biyu Rabin Kilo ya kusa ci, Tan Guda ya ja masa kunne alƙali bai gani ba. A ta uku ma ta hana yaron hawa gaba ɗaya, ta ce wasan ya nuna ya gaji, a bar shi ya huta kafin ya karye. 'Yan kallo goma sha ɗaya suka fara da su, zuwa lokacin kujerun sun kusa cika, suna ta kiran sunan ɗan siririn.

A nan ne aka ga abin da 'yan kasuwa suka yi shekara talatin da huɗu suna nema ba su samu ba. Ta tashi da safe ta tarar an zuba wa kekenta mai, an goge shi tas. Washegari ta tarar da zarurrukanta a jere, kowane launi da 'yan uwansa. Ran nan kuma ya haɗo mata shayi da kansa, sukari cokali biyu har da tozo, ya zauna yana zancen yadda yaron nan yake da ladabi da ƙoƙari. Ta kurɓi shayin ta ce, "Mai Sikeli, kai ne yau da ba da cin hanci?" Ya ce shi kyautatawa yake yi, ba a kyautata wa iyali kuma? Ta shanye shayin tas, ba ta yi masa alƙawarin komai ba.

Asabar ta huɗu suka sa karawar kambu. Ya fita baranda, ta danna, ta kira shi. Tan Guda ya yi ta jifa da yaron daga wannan igiya zuwa waccan, Mai Sikeli yana dafe kai yana cewa ta sake yi masa. Sau biyu alƙali yana ƙirga biyu, yaron yana zamewa. Can ƙaton ya taho da gudu, Rabin Kilo ya goce, ya haye igiya ya diro masa a ƙirji. Ɗaya, biyu, uku.

Ihun da ya yi har maƙwabciya sai da ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya. Yana tsaye a tsakiyar falo hannuwa sama, sandar tana can ƙasa bai ma san ya yar da ita ba. Maman Auta ba ta kalli allon ba ko sau ɗaya, ta riga ta san abin da ke ciki. Fuskarsa take kallo, daɗi ya cika ta.

Da ya zauna yana haki, ya ce a kunna talabijin, lokacin na waɗancan ya kusa, yana so ya ga ko masu tsara musu sun kai ta iyawa. Sannan ya tambaye ta yadda za a yi da kambun mako mai zuwa. Ta buɗe baki za ta amsa, ya yi wuf ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya ce kada ta kuskura ta faɗa masa.