Naman Kaka da Ban Ci Ba

Jiya ƙamshin miyar ayoyo ya shigo mini ta taga, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Bana shekara uku da rasuwarta.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ni ce mai ba ta abinci a gidanmu na Maamobi. Kullum sai ta share tuwon gefen dama na kwanonta tas, ta bar na hagu da nama a kai, sannan ta ɗaga murya: "Jama'a, yarinyar nan ta cinye mini nama! Tana ƙiba, ni ina ramewa!"

Ramewar kam gaskiya ce. Maƙwabta kuma murya suke ji, ba sa ganin kwano. Har a bakin famfo aka fara yi mini kallon ɓarauniya.

Ranar komawa asibiti na fashe wa likita da kuka. Ya ce babbar jijiyar da ke kai jini ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarta ce ta toshe, shi ya sa duk abin da ke hagunta ya ɓace mata, alhali idonta lafiya lau. "Juya mata kwanon kawai za ki riƙa yi."

Da muka dawo, na bari ta gama rabinta, na juya kwanon a hankali. Ta dubi naman, ta dube ni, ta ce, "Ahaf! Yau kin ji tsoron Allah, kin dawo da shi."

Kumatunta sun ciko, amma har ta koma ga Allah ba ta wanke ni ba.

Na yafe miki, Kaka. Allah ya jiƙanki, ya haskaka miki kabarinki dama da hagu.