Ƙwaryar Inna a Ranar Fulani

Shekarun baya, ƙawata ta makaranta za ta yi aure a Bagudo, ta ce a cikin shagalin har da ranar Fulani. Ni kuwa 'yar ruga ce daga bayan Zagga, sai na zama malamar biki. Ni na koya wa amarya da ƙawayenta ɗaurin zane da kitso, ina ta hura hanci kamar ni na ƙirƙiro Fulatanci.

Ta roƙe ni aron ƙwaryar mahaifiyata don ado. Ƙwaryar gado ce daga kakata, ba a sauke ta sai ranar suna ko aure. Inna ta daɗe tana shafa ta kafin ta ce, "Kai mata. Ɗiyar da ta ci tuwonmu ɗiyata ce. Ni ma ina tahe da gudummawata."

Ranar, gida ya cika da baƙi har daga tsallaken iyakar Benin. Kowa ya sha farin saƙi da murjani, maza da sanda a kafaɗa, ana ta hotuna da ƙwaryar. Ina ta duban ƙofa, Inna shiru.

Da na koma ruga na tarar da ita zaune, ga kindirmon da ta ɗauka na gudummawa ba a ko taɓa shi ba. Ashe ta je, mai tsaron ƙofa ya dube ta ya ce, "Baba, yau ba a sayen nono, biki mukai. Ki zo gobe."

Na ce, "Inna, don mi ba ki kira ni ba?"

Ta ce, "In ɓata wa ɗiyar mutane rana? Kayanmu sun shiga, ya isa."

Ban taɓa jin zafin magana irin wannan ba. Na yi kuka sosai.

Ƙawata da ta ji, ta zo da kanta, amarya guda, ta durƙusa ta miƙa ƙwaryar tana hawaye. Inna ta ɗaga ta, ta dama mata fura a ciki. Har yau muna tare.

Ba na jin haushin wanda ya sa kayanmu, ai so ne ya kawo shi, kuma zaman tare ya gaji aro. Amma duk hoton ranar Fulani da na gani, ba kwalliyar nake kallo ba. Ina tambayar kaina ne, wa aka bari a ƙofa?