Idanun da Madam Ta Aiko

Wata Alhamis ce a ƙarshen watan Oktoba, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya hawo saman benenmu na unguwar Sharafiyya a Jidda yana haki, rungume da wani ƙulli cikin ƙyalle mai ruwan lemo. Ina tsugune a gindin tanki ina wanke kayan makarantata. Baba direba ne a gidan wani injiniya ɗan Japan da ke Ruwais, kuma iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar, gaba ɗaya a kan wannan aikin take rataye. Matar gidan, wadda muke kira Madam, ta dawo daga ƙasarsu, wannan ce tsarabarmu. Ya ce kayan zaƙi ne na wani biki da yara ke yi a wannan watan, kuma sai da ta tambaya a shagon aka tabbatar mata babu giya babu alade. Ya miƙa wa kakarmu, ya ce, "Yalla, suna jirana," ya sauka da gudu.

Kakar nan mahaifiyar Baba ce, muna kiranta Habboba yadda ake yi a Sudan. Aikin Umara ta zo yi, ta ga wurin zama, ta zauna, saman benen nan kuwa ya koma ƙasarta. Ɗakuna biyu ne da fili, ga igiyoyin shanya na dukan mutanen gidan, ga tantabarun maƙwabci da ke ɓata mana wanki, ga zufar Jidda da ba ta san inuwa ba. Da asuba ni ke sauka layin mai burodin tamis, in dawo in share fili, in hura mata garwashin turare. Da la'asar mu yi 'yar carafke da duwatsun da muka tsinto a kangon baya, ita kuma tana kan darduma da carbi, ido ɗaya a kanmu. Duk abin da zai shiga bakinmu sai ya bi ta hannunta. Takan ce, "Garin mutane ne, ba a cin abin da ba a san uwarsa ba." Ran nan Mama ta tafi yi wa wata amarya ƙunshi a Aziziyya, babu mai tare Habboba.

Ta kwance ƙyallen, sai ga akwati baƙi mai sheƙi. Tana ɗaga murfin ta saki salati. Idanu ne a jere, farare, masu taushi kamar tuwon shinkafa, kowanne da ƙwayarsa da jajayen jijiyoyi, duk suna kallonmu. Gefensu ga biskit mai siffar yatsun mutum har da farce, ga 'yan kabewoyi masu wangale haƙora, ga wasu fararen dodanni da baƙin jemage. Ni kuwa abin da ya shiga hancina ƙanshin dankali da madara ne, yawuna ya tsinke. Na kai hannu, ta make shi. Ta ƙwala wa maƙwabciyarmu kira, suka duƙa a kan akwatin suna juya kai, kafin ruwan wankina ya tsane sun yanke hukunci. "Direba da me yake ci?" in ji Habboba. "Ido da hannu. To ga ido, ga hannu. Sammu ne wannan."

Na ce mata alewa ce, Hana 'yar Madam ta taɓa nuna mini hotunan irinsu. Wa zai saurari yarinya mai kumfar sabulu har gwiwar hannu? Aka sa ni na ɗebo ruwa a bokiti, aka zuba gishiri da ganyen magarya, aka yi tofi, sannan aka juye tsarabar Madam a ciki. Ni aka ba muciya. Ina juyawa ina kuka, idanun nan suna tasowa suna nutsewa, har suka narke ruwan ya koma ruwan toka. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba, ko lasa ban yi ba.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma a gidanmu ba a mayar wa mutum da kwanonsa wayam, sammu kuma a wajen Habboba mai shi ake mayar wa. Sai ta haɗa biyun. Ta cika akwatin da gishiri, ta jera gawayi a kai, ta watsa busasshen barkono, ta ƙulle da ƙyallen tsaf. Da Baba ya dawo ya ga ƙulli, ya ɗauka dublan ne, don shi ta saba yi wa mutane tukwici da shi. Ta ce masa ya mayar wa matar da kayanta. Ni kuma ta kalle ni ta ce, "Ke, bakinki."

Washegari bayan sallar Juma'a Baba ya tafi da ni, kamar yadda yakan yi wani lokaci don in yi wasa da Hana. Akwatin na kan cinyata, kamar na ɗauko garwashi. Madam ta karɓa da hannu biyu tana russunawa, ta durƙusa gaban ɗan teburinsu, ta buɗe a gabanmu. Na dubi Baba, na ga mutumin da ban taɓa gani ya rasa ta cewa ba yana neman inda zai ajiye idonsa. Ya san abin da gishiri da gawayi da barkono ke nufi, ni ma na sani. Madam ta daɗe tana kallon akwatin. Can ta ɗago ta ce, "Shukran." Ta ɗebi gishirin a ɗan faranti ta ajiye bakin ƙofa, ta ce da guntun Larabcinta su ma haka suke yi don korar sharri. Hana kuwa ta ja ni gefe tana tsalle, ta ce ita ta zaɓo mini idanun da kanta, wanne na fara ci? Na ce da daɗi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

A hanyar komawa Baba bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa gida ya yi magana, ba tare da ya juyo ba. "Kullum ni nake kai 'yarta makaranta, ita kaɗai a bayan mota. Matar da ta ba ni 'yarta ce za ta makantar da ni?" Bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, ba ya iyawa. Amma makonni muka yi muna jiran a sallame shi daga aiki. Duk yamma in na ji takunsa a matakala sai in saki tsintsiya in duba hannunsa, ko makullin motar na nan.

Makullin bai bar hannunsa ba. Har na fara lallashin kaina cewa Madam ba ta gane komai ba. Da shekara ta zagayo, sai ga Baba da akwatin nan dai, cikin ƙyallen nan dai. A ciki kayan zaƙi ne masu siffar ganye da fure, babu ido, babu yatsa, babu fuska ko ɗaya. A nan na san Madam ta gane tun ranar farko, ta kuma rufa mana asiri. Habboba ta juya ɗaya a hannunta, ta gutsura, ta ce wannan kam abinci ne. Baba bai taɓa ba, ya tashi ya tsaya bakin katanga yana kallon titi.

Yanzu ba sai an je Japan ba. Watan Oktoba na kamawa za ka ga idanun nan a gilashin wuraren shan gahawa na manyan kantunan Jidda, 'yata ma kan saya ta cusa a baki tana ba ni tsoro. Habboba ta daɗe da rasuwa, an rushe benen Sharafiyya, su Madam sun koma ƙasarsu tun ina sakandare, ban kuma san inda Hana take ba. In 'yata ta miƙo mini nakan karɓa in riƙe, in shaƙi ƙanshin dankalin nan, in mayar mata. Har yau ban san ɗanɗanon abin da na ce wa Hana yana da daɗi ba.