Motar da Ba Ta Tashi da Turi

A duk shekarun da na yi ina jan motar ɗaukar marasa lafiya a Sakkwato, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. Ita nake ba sababbin direbobi labari idan na ga sun fara hamma a ajin horo.

Lokacin ina babban direba a wani ƙaramin asibiti a Gidan Dahala. Ga wanda bai san tsarin ba, idan ciwo ya fi ƙarfinmu, nas ce ke yanke shawarar a tura mara lafiya babban asibiti, ta shiga baya tare da shi, ni kuma in ja. A farkon daminar shekarar aka kawo mana sabuwar mota otomatik, wadda ba ta da kuloci, ita ke canza wa kanta giya. Kafin a ba mu makulli sai da aka tura mu garejin ma'aikata wajen Injiniya Nasiru, shugaban makanikai.

Nasiru mutum ne mai naci. Ya ce dole mu haddace sunayen duk abin da ke tayar da mota, da Turanci, kuma a jere: batir, igineshan, fiyus, rile, sitata, sannan injin. Kowanne shi ke taɓa na gaba da shi. Mu kuwa a bakinmu komai "kik" ne. Mota ta yi kik, mota ta ƙi kik, magana ta ƙare. Na ce masa na fara tuƙi tun kafin a yaye shi, ban zo koyon karatun firamare ba. Ya yi dariya ya ce, "Baba Sahabi, ranar da za ka kira ni a waya, ba na ganin motar. Sunan kawai zan ji." Na haddace, amma da gunaguni.

Wata Laraba da hantsi aka shigo da wani manomi, Malam Umaru, a kan babur. Kububuwa ta sare shi a ƙafa a gonar shinkafa. Ƙafar ta kumbura, dasashinsa ya fara jini, mu kuma ba mu da maganin dafi. Sista Hauwa, nas ɗin da ke aiki ranar, ta ce a tafi yanzu. Muka sa shi a mota, na murɗa makulli. Sai na ji "ƙyas", shiru. Na sake, haka dai.

Kafin in buɗe ƙofa, masu jinya da masu shagunan bakin asibiti sun riga sun dafa bayan motar. Haka muke a garin nan, ba a roƙon kowa turin mota. Yayan mara lafiyar, wani dattijo mai suna Malam Isa, shi ne a gaba.

"Direba, sa giya mu tura!"

"Baba, wagga ba ta tashi da turi," na ce.

"Wace mota ce ba ta tashi da turi? Tirela ma munka tura tat tashi. Mi kaka jira, shi mutu?"

Maganar ta soke ni. Abu mafi sauƙi shi ne in bar su su tura, kowa ya ga ana wani abu. Amma na san ko har Ƙofar Rini suka tura ta ba za ta tashi ba, sai dai mu ɓata lokacin da Malam Umaru ba shi da shi. Na ce kowa ya ɗauke hannu. Wani ya ce girman kai ne. Na kira Nasiru.

Bai tsaya gaisuwa ba. "Fara daga farko. Batir?"

Na kunna fitila, na danna oda. "Da ƙarfinsa."

"Igineshan?"

"Fitilun gaban sitiyari duk sun kawo."

"Giya na wurin fakin? Rile na ƙara?"

"Tana nan. Yana yin ƙyas, sau ɗaya."

"To wuta na isa. Sitata ce ta maƙale. Samu ƙarfe ka ƙwanƙwasa jikinta, wani ya riƙe makulli a murɗe. Kar ka doke ta kamar jaki."

Na waiga neman wanda zai murɗa. Sista Hauwa na riƙe da ledar ruwan da aka ɗaura wa mara lafiya. Sai na miƙa wa Malam Isa makullin. Mutumin da bai taɓa zama a kujerar direba ba ya hau. Na ɗauki sifana na kwanta cikin taɓo a ƙarƙashin motar, na lalubo sitata. Na ce, "Murɗa, Baba, kar ka saki sai ta kama." Na ƙwanƙwasa, ba komai. Na yi bismilla na ƙara. Injin ya ɗauka a saman kaina, kuma ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Mutanen da na hana turi ba su yi fushi sun watse ba. Suka ruga bakin titi suna tare babura da kekuna har muka fita. A babban asibiti aka karɓi Malam Umaru aka sa masa maganin. Da likita ya fito ya ce jinin ya fara tsayawa, sai na zauna a ƙasa da taɓona, na yi ta hamdala.

Bayan sati biyu Malam Isa ya zo asibitinmu da ƙaninsa, wanda ke dogara sanda. Dattijon ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "Amma dai, direba, da ka bari munka tura ta ko kaɗan." Muka yi dariya har Sista ta leƙo.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba a rasa masu taimako, hannuwa na zuwa tun ba ka kira ba. Aikin direba ne ya san inda zai sa su, ko da za a zage shi na ɗan lokaci. Shi ya sa yanzu, idan sabon direba ya ce mini mota ta ƙi kik, nakan ce ya koma ya faɗa mini sunan abin da ya ƙi. Sukan yi gunaguni, ni kuma na san wannan gunagunin sarai.