Hannuwana a Ƙeyar Inna

Tun jirgin ƙasa bai iso garin Lafiya ba, wani mai hoto ya sauka a unguwarmu da akwati mai ƙafa uku da fallayen gilashi naɗe cikin tsumma. Mutumin bakin teku ne, Hausarsa ta kasuwa, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

A shekarar ne kan Inna ya fara rawa. Ba ciwo ba zazzaɓi, sai dai ya yi ta kaɗawa kamar mai cewa a'a. Ƙanena, autanta, yana Lakwaja wurin aikin jirgin ruwa, ya daɗe rabonsa da gida. Inna ta rantse ba mai tayar masa da hankali. Hoto za ta aika masa, ya gan ta garau.

Aka ajiye mata kujera a ƙofar gida. Mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen da ke bayan akwatinsa, ya fito yana tsaki. "Mama, kai tsaya cak! In kai motsa, gilashi ya lalace."

Na farko kuwa ya lalace. Jiki ya fito, kai ya zama hayaƙi.

Ni ba a kunyata uwata a gaban maƙwabta ina tsaye. Na durƙusa bayan kujerar, na ce a lulluɓe ni da babban zanen saƙi. Na cusa hannuwana ƙarƙashin mayafinta na tallafe ƙeyarta. Ina jin rawar tana bin yatsuna har kafaɗa, na danne.

"Riƙe da kyau, 'yar nan," in ji Inna ta tsakanin haƙora.

Da mai hoto ya sake ɗauka, ya wanke gilashin cikin ruwan maganinsa, fuskarta ta fito fara fat, farin mayafin baƙi ƙirin. Mata suka ɗauki salati. Ya yi dariya, ya ɗora gilashin a kan takarda ya shanya a rana, sai ga Inna sak, kai a tsaye ƙyam, ni kuma tulin zane a baya. Har yau ina alfahari da wannan riƙo, ko gezau kan bai yi ba.

Fatake suka kai wa ƙanena hoton, suka dawo da saƙon baki: ya gode wa Allah, tunda tsohuwa na nan da ƙarfinta, sai baɗi zai zo.

Inna ta yi murmushi, kai na kaɗawa. "Kin gani? Ya yarda."

Raina ya ɓaci, na ce zan aika a faɗa masa gaskiya. Ta hana ni, na bi maganarta. Ba ta kai baɗin ba. Ƙanena ya iso bayan sadakar arba'in da hoton a aljihu, ya zauna a gabana yana kuka, yana tambayata wane irin ciwo ne ya ɗauke mace mai lafiya haka farat ɗaya.