Lurwanu Sada Ya Kwanta a Bayan Teku

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar, muna fitowa daga sallar asuba, waya ta iso unguwarmu ta Utaibiyya a Makka daga wani tsibiri a yammacin Sumatra cewa Lurwanu ɗan Malam Sada ya rasu. Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma muna kan layi.

Lurwanu, ka san mutanenmu. Kafin wasu su ce Allah Ya jiƙan ka, sai da suka tambaya ko ruwa ne ya ci ka. Shekaru suna jiran wannan labari don su ce ai sun faɗa. Ka hana su. Ka fito daga teku lafiya, ka yi sallar walaha, ka zauna a gindin kwakwa ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, shi ke nan. Mutuwa irin ta kowane dattijon unguwa, sai dai kai ƙafarka da rairayi.

Tun muna yara a tsohuwar unguwarmu ta Nakkasa ba ka iya zama ba. Malamin allo ya gaji da kai, ka yi tuƙi, ka sayar da na'urar sanyaya ɗaki, ka buɗe shagon turare ka rufe kafin ƙamshin ya kama bango. Aiki ɗaya ne ba ka taɓa fashinsa ba, wato yi wa alhazai jagora a Mina. A can ka tsinci wata tsohuwa 'yar Jawa, kamar yadda muke kiran mutanen Indunusiya a nan, ta ɓata tsakanin tantuna, ba Larabci, ba takalmi. Ka goya ta a bayanka kana bin tanti-tanti har ka sami ɗanta. Ɗan nan shi ne Haji Idris. Yana kuka ya ce lallai ka ziyarce shi, yana da 'yan bukkoki a bakin teku inda baƙi ke sauka don hawan igiyar ruwa. Alhazai sun saba yi mana irin wannan gayyata, mu ma mun saba cewa in sha Allahu. Kai kaɗai ka ɗauke ta da gaske.

Ka tafi hutu wurinsa kana neman shekara hamsin, ka dawo da ciwon kafaɗa da wani haske a ido wanda bai yi wa Nuriyya, matarka, daɗi ba. A shagon shayi ka yi mana bayani. Mutum ya kwanta rub da ciki a kan allo mai tsawon ƙyauren ƙofa, ya yi ta tuƙa ruwa da hannu har inda teku ke tasowa, ya jira. In igiyar ta zo ya miƙe tsaye, ta ɗauko shi ta kawo gaɓa, sannan ya sake komawa. Na ce ban taɓa jin wahalar da ake sha don a dawo inda aka tashi ba. Ka ce, “Ustaz Mukhtaru, kai ma kullum ka je makaranta ka dawo, kuma ko sau ɗaya iska ba ta taɓa busa ka ba.”

Daga nan kuka haɗa hannu da Haji Idris. Ka lura masaukan da ke tsibiran nan duk an gina su ne don Turawa, da giya da kiɗa har gari ya waye. Ka ce akwai samarinmu na Jidda da Riyad da ke son wannan wasa, iyayensu kuma ba za su yarda ba. Kuka gyara bukkokin, kuka yi masallaci na katako, kuka ware wa mata lokacinsu da gefensu, ka koya wa mai dafa abinci shinkafar kabsa da kifi. Sau ɗaya ka yi ƙoƙarin koya masa tuwo. Ba mu ƙara tayar da maganar ba. Rabin shekara kana can, rabi kana nan, kuma duk inda kake hankalinka yana ɗayan.

Na je sau ɗaya, don ka hana ni sakat. Na karanta littattafan matafiya da yawa, amma babu wanda ya gaya min cewa ƙarar teku ba ta yin shiru ko na numfashi ɗaya. Na gan ka a kan allon nan, furfura a gemu, tumbi a gaba, kana faɗuwa kana tashi, masunta suna dariya kana taya su. Na kuma ga yadda kake fitar da samarin daga ruwa in an kira salla, ko da igiyar da suka yini suna jira ce ke tahowa. Wani ya yi maka ƙorafi, ka ce masa, “Ya akhi, Wanda Ya aiko wannan Yana da wata.”

Tsofaffin Nakkasa kuwa da wani abu suke tuna ka. Lokacin da aka zo rushe gidajenmu na kan dutse, ka aro motar ɗaukar kaya ka yi ta jigilar waɗanda ba su da kowa, ba ka karɓi ko kuɗin mai ba. Inna Kabira ta zauna a ƙofarta ta ce ba ta sauka sai da turminta, wanda uwarta ta zo da shi daga Katsina. Ka ɗora shi a ka, ka gangaro da shi duk matakalan nan, kana tambayarta ko ba za ta sayar maka ka yi kwale-kwale da shi ba.

Ga abin da ya hana ni barci tun ranar. Kakanka na wajen uwa ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, ya yi noma a Sudan don guzuri, ya binne 'ya'ya biyu a hanya, duk don shi da zuriyarsa su mutu a Makka, a sallace su a Harami. Mahaifiyarka, Inna Larai, da wannan aka yaye ta. Da labari ya zo, ƙanenka Hatim ya ce a ajiye ka, zai kawo ka gida ko ta halin ƙaƙa. To amma watan manyan igiyoyi ne, waɗanda baƙinka ke ƙetaro duniya dominsu, jirgin ruwa ya kasa matsowa tsibirin. Aka kwana ana sa maka ƙanƙarar masunta. Washegari limamin ƙauyen ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Haji Idris ya kira Nuriyya, ta ce, “Ku rufe shi.”

Hatim ya daina yi mata magana, ya shiga neman izinin tono ka. Inna ta hana a jera kujerun makoki a ƙofar gida. Ta ce ita ba ta ga gawa ba, wa za a yi mata gaisuwarsa? Duk sallar da aka idar a Harami aka yi kiran sallar jana'iza, sai ta tashi tsaye ta rasa inda za ta. Ni ma haka na yi ta zirga-zirga tsakanin gidanku da nawa, ina jin haushinka ina jin kewarka, ban san wanne ya fi ba.

Ran Asabar Inna Larai ta aika a kira ni. Hatim na zaune, Nuriyya na bayan labule.

“Mukhtaru, kai ka je wurin. Mutanen can Musulmi ne na gaske?”

“Inna, duk ƙauyen suka fito. Da suka ji ɗan Makka ne, har rige-rigen ɗaukarsa suka yi.”

“Ina suke kallo in za su yi salla?”

“Teku suke fuskanta, Inna. Bayan tekun kuma mu ne.”

“Shi ma haka suka kwantar da shi?”

“Kan damansa, fuskarsa tana nan.”

Inna ta dubi Hatim ta ce, “Ka bar takardun nan. Ubana bai bari an tono nasa 'ya'yan ba. Je ka kawo kujeru, ka ce wa matar yayanka ta fito ta zauna kusa da ni.”

Da magariba aka kunna fitilu a layin, aka fara zagayawa da gahawa.

Allah Ya yi maka rahama, Lurwanu, Ya yafe maka, Ya yalwata maka wannan ɗan wuri da ke jin ƙarar ruwa dare da rana, Ya ba ka natsuwar da ba ka samu a duniya ba. Ya saka wa mutanen da suka wanke ka suka sallace ka alhali ba su san ko sunan kakanka ba. Inna Larai, Nuriyya, 'yarka Afnan, Hatim, da Haji Idris da aka bari da bukkoki da baƙi, Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Mu da muka rage a gindin duwatsun nan muna fatan nan za a rufe mu, Allah Ya sa mu cika da imani a duk inda Ya rubuta.